Wa Zai Gaya wa Anas?

Madina, ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Magaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake na san inda za ta same ka, a kan akwatinka ne, a ɗakin da ke jikin nawa. Allah Ya kai ka Dammam lafiya, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da maƙwabta masu haƙuri.

Kada ka yi mamakin uban da bango ɗaya ya raba shi da ɗansa amma ya ɗauki biro. Kai ɗan fari ne, ni kuwa mutumin da ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka dogon zance ba. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, haka na taso. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Da Larabci ne, a tsaye za ka karance ta kana duba waya. Da Hausa dole ka nemi wuri ka zauna kana haɗa baƙi.

Ba maganar sabon aikinka zan yi ba. Wannan ka karanto shi a jami'a, ni ban san kansa ba. Maganar ƙungiyarka ta hoki ce.

Ka yi dariya in ka ga dama, ni ma na yi. Yaron da aka haifa a garin da ruwan famfo ke ƙona hannu da azahar, wanda ƙanƙarar da ya sani ita ce ta firji, shi ne yau manajan masu wasa a kan ƙanƙara. Da farko na ɗauka irin wasan nan ne da ake danne-danne da yatsu. Ƙaninka Anas ne ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce gasa ce a intanet, babu fili, babu sanda, babu ƙanƙarar ma. Kowane mutum yana ƙirƙirar ɗan wasa guda, kowane mako ya yi wasu 'yan ayyuka don ɗan wasan ya ƙara ƙarfi, kwamfuta kuma ta duba ƙarfin kowa ta buga wasan da kanta. Manaja shi ke zaɓen sababbi, shi ke tsara wanda zai shiga, shi ke musayar 'yan wasa da sauran manajoji. Ya ce kuna da zaure na hira inda 'yan ƙungiya ke haɗuwa, wani a ƙasar sanyi, wani a can gabas mai nisa. Da ya gama na ce masa, ashe aikina yayanka yake yi. 'Yan wasan na ƙarya ne, amma bayan kowanne akwai mutum mai rai da ke jin daɗi yana jin haushi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Anas ne golanku. Tun da mausim, wato lokacin Hajji, ya kama, alhazai suka fara sauka, yaron nan yana filin jirgi yana fama da kayan mutane, ya dawo ƙafa a kumbure ya faɗi ya yi barci. Bai samu yin ayyukan mako ba, golansa ya tsaya wuri ɗaya, na sauran ƙungiyoyi suka wuce shi, aka yi ta zura muku ƙwallo. Wani manaja ya yi maka tayin gola mai ƙarfi, ka amince, ranar Juma'a za a rufe musaya. Ka kuma bar wa mataimakinka sallahu cewa shi zai gaya wa Anas bayan ka tafi. Kai ka gaya wa mahaifiyarka tana ninke maka kaya, ita ta gaya mini, ni ga ni ina rubuta maka. Gidanmu ke nan, magana sai ta zaga dangi kafin ta isa ga mai ita.

Ka san na yi shekaru ina tuƙa bas tsakanin Madina da Makka kafin kamfani ya ba ni kula da direbobi a mikatin Bi'ir Ali, aka fara ce mini mudir. Ba wanda ya koya mini aikin. Kurakuraina ne suka koya mini, kuma akwai waɗanda suka shafi abin da ke gabanka.

Shekarar farko aka kawo sababbin direbobi, aka ce mu masu kula kowa ya zaɓa. Na yi wuf na ɗauki wani saurayi, Jibrin, takardunsa tsaf, hannunsa a kan sitiyari abin kallo. Na bar wani Malam Sale, mai sanyin jiki, wanda in ka tambaye shi abu sai ya gyara hula kafin ya amsa. Abin da ban duba ba shi ne aikin mikati ba gudu ba ne, jira ne. Mutane za su sauka, su yi wanka, su ɗaura harami, su yi sallah, wani tsoho ya manta inda ya bar takalmi, wata ta ɓace tsakanin motoci masu kama da juna. Jibrin ba ya iya jira. Rannan ya ja mota ya bar wata tsohuwa a ɓangaren mata, mijinta na ciki yana buga gilashi, bai tsaya ba sai da suka yi nisa. Kafin mausim ya ƙare ya ajiye aikin, ya ce ba ya iya zaman banza. Malam Sale kuwa a hannun wani mudir ya yi ta aiki har tsufa ya ajiye shi.

To idan lokacin zaɓen sababbi ya zo, kada lambobi su ɗauke maka ido. Ka nemi mutumin da ke bayan ɗan wasan ka yi hira da shi. Ka ji me ya kawo shi, me yake yi a rayuwa, yana da lokaci ko zumuɗin sabon abu ne. Wanda zai zauna tare da ku shekarar da ba ku cin komai ya fi wanda zai haskaka wata biyu ya ɓace.

Ranar tsohuwar nan na sake yin wani kuskuren a kan na farko. Aka kira ni ofis aka wanke ni tas, na dawo na rufe ƙofa na kashe waya. Direbobi na waje suna jira su ji matsayinsu, ni ina ciki ina jinyar zuciyata. Kafin in fito labari ya yi reshe, wasu na cewa za a kori rabinsu, wasu na cewa ni aka kora. Mutum biyu har sun je neman wuri a wani kamfanin. Anas ya ce mini idan aka ci ku da yawa kai ma ɗif kake yi, a yi kwanaki ba a ji ɗuriyarka a zauren ba. Ban yi masa musu ba, na san inda ka gado ta. Ranar da aka ci ku, kai ya kamata ka riga kowa shiga, ko da abin da za ka ce bai wuce "an ci mu, na gani, gobe ma rana ce" ba. Ranar nasara ba a neman manaja, kowa ya san hanyar murna.

Akwai kuma maganar musaya tsakanin manyan. Mu ma muna yi, wannan ya ba wancan mota ko direba idan aiki ya matse. Ina da wata bas da na'urar sanyinta ke mutuwa da zarar ta hau doguwar hanya, amma a tsaye garau take. Na miƙa wa abokin aikina Usman, na karɓi tasa, ban ce masa uffan ba, har ina jin na iya ciniki. Alhazai suka isa Makka jiƙe da gumi a cikin harami. Usman bai yi mini faɗa ba. Amma da tsakiyar mausim motata ta mutu ina neman wadda zan ara, kowa na waya sai ya ce ai duk sun fita. Mu kaɗan ne, kuma kullum mu ne dai. Ku ma haka kuke, manajojin gasar nan ba su da yawa, wanda ka yi wa wayo bana da shi za ka yi ciniki baɗi. Don haka ka gaya wa wancan manajan gaskiyar golan da za ka ba shi, cewa ya ja baya, da dalilin da ya sa, da kuma cewa mai shi ba malalaci ba ne, aikin alhazai ne ya riƙe shi. Kada ka ɓoye aibinsa, kada kuma ka miƙa ƙaninka kamar kayan da ake neman kai da shi.

Duk waɗannan na gyara su daga baya. Wanda ban iya gyarawa ba shi ne na Baba Idrisu.

Ba ka san shi sosai ba, kana ƙarami ya bar Madina. Mutumin Chadi ne, dogo, baƙi, mai ƙaramar murya. Shi ya koya mini tuƙin babbar mota lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Shi ya nuna mini inda hanya ke yaudarar ido, da yadda ake gane barci tun bai iso ba. A faranti ɗaya muke cin abinci a inuwar mota, kuma bai taɓa ce mini komai ba sai "ƙanena". Da aka ba ni girma ya shiga ƙarƙashina, shi ya fi kowa murna.

Sai idonsa ya fara rauni. Ni na lura, don na san tuƙinsa kamar nawa. Ya fara matsawa kusa da gilashi, ya fara taka birki a inda babu komai. Doguwar hanya ce, kuma rayukan mutane ne a bayansa. Na yanke cewa zan sauke shi daga hanyar Makka in mai da shi cikin fili, ya riƙa jera motoci yana duba masu fita. Har gobe ina nan a kan cewa hukuncin daidai ne. Da yau za a sake, haka zan yanke.

Amma na kasa gaya masa. Yaya zan dubi mutumin da ya ɗora hannuna a kan sitiyari in ce masa idonka ya gaza? A tarbiyyarmu ƙarami ba ya faɗa wa babba irin wannan, aike ake yi, a sami wani ya kai maganar a lulluɓe. Na ce wa kaina girmamawa ce. Na kira bakanikenmu na ce ya je ya lallaɓa ya gaya masa. Shi kuwa bawan Allah yana ƙarƙashin mota hannu duk baƙin mai, Baba Idrisu ya zo wucewa, sai ya leƙo ya ce masa daga gobe ba ya hanya, in ji mudir. A gaban direbobi ya faɗa, wasunsu ma sa'o'in 'ya'yansa ne.

Washegari ya zo a kan lokaci, ya karɓi aikin fili, ya yi shi yadda ya kamata. Da na iso ya miƙe tsaye ya ce, "Barka da zuwa, ya mudir." Da rana na ɗauko faranti na nufi inuwarmu, ya ce alhamdu lillahi ya riga ya ci. Bai ɗaga murya ba, bai kai ƙarata ko'ina ba. Da mausim ya wuce ya ajiye aiki ya koma Khaibar wajen surukinsa mai gonar dabino.

Na daɗe ina cewa zan je. Da na tashi zuwa, na same shi zaune a kan tabarma yana tsince dabino da laluben hannu, idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya gane muryata. Ya sa aka kawo gahawa, ya tambayi mahaifiyarka, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Na daure na ce na zo ne a kan abin da ya faru.

Ya ce, "Halas, ya mudir, abu ya wuce. Gaskiya ka yi, idon ba ya gani."

Na ce, "To me ya sa ka yanke ni, Baba?"

Ya juya dabino a hannu. Ya ce, "Ni na riga ka sani. Kullum na kama hanya gabana faɗuwa yake, ina ta addu'a kar in kashe bayin Allah. Jira nake ka kira ni gefe ka ce, Baba, yaya idon nan? In ce maka wallahi ka taimake ni ka sauke ni. Sai na ji ta daga ƙarƙashin mota."

Na ce kunya ce ta hana ni.

Ya ce, "Na'am, kunya. Kai ka ji kunyar ta ɗan lokaci ka huta, ni ka bar ni da tawa a gaban yara."

Ya yafe mini, ya faɗa da bakinsa, na kuma yarda har zuciyarsa ne. Ya cika mini kwali da dabino, ya rako ni har bakin mota yana dafe da kafaɗar jikansa. Da zan tayar ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, ya mudir." Har ya koma ga Allah bai sake ce mini ƙanena ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Ka fahimce ni da kyau, Magaji. Ban ce kada ka yi musayar ba. Manajan da ya riƙe gola don ƙaninsa ne, alhali sauran suna ta wahalar ayyukan mako ana cin su, ya zalunce su, kuma za su gane ko ba su faɗa ba. Idan ka auna ka ga ƙungiya ta fi buƙatar wancan, ka yi. Wannan hukuncinka ne, don shi aka ba ka kujerar, ba zan sa maka baki ba. Amma wanda ya yanke shi zai kai labari. Mataimakinka mutumin kirki ne, na ji, sai dai yana wata ƙasa, bai taɓa ganin fuskar Anas ba, bai san a ɗaki ɗaya kuka girma ba. Zai rubuta masa layi biyu masu ladabi da Turanci, yaron ya karanta a tsaye tsakanin jirgi da jirgi.

Na san za ka ce wasa ne kawai, Baba ya ɗauki abu da zafi. To ka tuna yadda Anas ya shiga. Yaron nan ƙwallon ƙafa ya sani, bai san hoki da wane harafi ake rubuta shi ba. Kai ka ce masa ba ku da gola, ba mai son tsayawa a raga. Ya je ya koyi dokokin, ya ƙirƙiri ɗan wasa, ya tsaya maka a inda kowa ya ƙi. Ba ƙanƙara ce ta kai shi ba, yayansa ya bi.

Idan za ka gaya masa, kada ka yi dogon zagaye, kada ka fara da yabon da shi ma ya san share fage ne. Ka ce ga abin da na yanke, ga dalili. Kada ka jingina wa mataimaki ko ka ce 'yan ƙungiya ne suka matsa. Sannan ka yi shiru ka saurare shi, wannan ne wurin da ya fi wuya. Mai yiwuwa shi ma ya lura, yana jira ne a tambaye shi. Mai yiwuwa ya faɗi abin da zai sa ka sake lissafi, tunda Juma'a ba ta yi ba tukuna. Mai yiwuwa kuma ya yi fushi ya ƙi kula ka har ka hau jirgi. Ko wanne ne ka ɗauka. Fushin da aka yi a gabanka yana da magani.

Za ka kuma ce, Baba, kai da kake cewa a yi magana baki da baki, ga ka da takarda. Haka ne. Ban warke ba, shi ya sa nake so kai kada ka kamu.

Jiya da la'asar Anas ya kai ni asibiti a duba mini hawan jini. A hanya na ce masa gidan zai yi mana faɗi idan yayansa ya tafi. Ka san shi, ina yi masa Hausa yana mai da mini rabi da Larabci. Ya yi dariya ya ce, "Abuya, ma fi mushkila, ba damuwa. Ai Yaya ba inda za shi. Kullum muna tare a zauren ƙungiya, shi mudir ni gola. Bari mausim ya wuce in samu kaina, wallahi ko ƙuda ba zai wuce ni ba, zai gani."

Na juya ina kallon titi har muka isa. Amsar ba tawa ba ce, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan zama bakaniken kowa ba.

Jirginka sai bayan la'asar gobe. Anas ya nemi a sauya masa lokacin aiki don ya kai ka da kansa. Ni da mahaifiyarka ba za mu raka ka ba, na riga na gaya mata, ta yi ƙorafi ta haƙura. A ƙofar gida za mu yi sallama. Daga nan zuwa filin jirgi ku biyu ne a motar, kuma hanyar ta isa.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane. Ya sa ka gama da kowa lafiya a inda za ka, Ya ba ka abin da zai amfane ka, Ya dawo mana da kai cikin aminci. Ka riƙe sallah a kan lokacinta, ka riƙa kiran mahaifiyarka ko ba ka da labari. Allah Ya bar ku tare kai da ɗan'uwanka bayan ba mu.

Allah Ya yi maka albarka, Ibrahim.

Wassalam,
Mahaifinka